Rabin Milimita

A garin Remscheid kusan kowane layi yana da tsohon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yankan ƙarfe a masana'anta, kuma kowannensu gani yake shi kaɗai ya iya awo. Volkmar Lenzen ya fi su duka wannan ciwo, abin haushin kuwa shi ne da gaskiyarsa. Shekara arba'in da huɗu ya yi yana ƙera kayan aiki, ba a taɓa dawo masa da abu an ce bai shiga ba. Da ya yi ritaya sai ya tattara rayuwarsa kacokan ya sauke ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa, inda yake da ƙaramin injin yankan ƙarfe, da teburi mai fitila biyu, da ma'auninsa mai baki biyu, irin wanda ake zamewa a kama abu a karanta kaurinsa a jikin wasu siraran layuka. Tun da matarsa Gudrun ta rasu, saman gidan ya zama wurin barci da dafa gahawa kawai.

Sai ido ya ci amanarsa. Ba makanta ba ce irin wadda duniya take yin duhu gaba ɗaya, da ita ce ma da ya san matsayinsa. Wani tabo ne toka-toka ya zauna a tsakiyar ganinsa, duk abin da ya ƙura wa ido shi ne yake ɓacewa, gefe kuwa yana gani tas. Miƙaƙƙen layi ya koma masa kamar igiyar shanya da aka ɗora wa jiƙaƙƙen bargo. An yi masa allura a idon har sau shida, likitar ta ce ya cire rai da warkewa, so ake dai a rage wa abin gudu. Ya dawo gida ya gaya wa 'yarsa Frauke wai an ce ya canza tabarau.

Frauke ba yarinya ba ce, shekararta arba'in da ɗaya, kuma ta ga yadda yake lalubar hannun kofi kafin ya ɗauka. Wata Lahadi ta zo daga garin Wuppertal da takarda a jaka. An samu ɗaki biyu a wani gidan tsofaffi kusa da ita, akwai lif, akwai mai zuwa in an danna ƙararrawa, babu ɗakin ƙasa. Ana son amsa kafin wata ya ƙare.

Ta ce, "Baba, ba korarka na zo yi ba. Matakalar nan taka ta ɗakin ƙasa hawa goma sha huɗu ce. Ka faɗi a kanta sau ɗaya da na sani, ban san sau nawa ka ɓoye ba."

"Santsi ne. Ke ma ai kin taɓa faɗuwa a kanta."

"Ina da shekara shida."

"To, ni na kai ki gidan tsofaffi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce injin nan wata rana zai tafi da yatsansa, kuma ita za a kira. Ya ce shi da injin sun san juna tun ba a haife ta ba. Ruwan saman da ba ya gajiya a garin nan yana ta dukan taga.

Don ta sauya magana ne ta kawo zancen kwamfutarta. Aikin Frauke zana gine-gine ne a kwamfuta, ta nuna wa masu gini yadda gida zai kasance tun ba a sa tubali ba. Katin hotunan da ke ɗaukar wannan nauyi a cikin kwamfutar kuwa in ya yi zafi fankokinsa sai su riƙa kuka kamar injin niƙa, har maƙwabciyarta ta fara buga bango. Ta sayi wani farantin jan ƙarfe na hannu, wanda ake ɗorawa a kan katin a madadin fanka, ruwa yana bi ta cikinsa yana kwashe zafin. Mai sayarwar bai haɗo mata da takardar bayani ba, don haka ba ta san kaurin shimfiɗar robar da ake sawa a tsakani ba. Ta ce za ta kai wani shago a yi mata.

Volkmar ya ajiye kofinsa. "Shago? Ubanki yana raye za ki kai awo shago?"

"Baba, ƙananan abubuwa ne sosai."

Da ta san inda kalmar za ta soke shi da ta haɗiye ta. Ya ce ta kawo. In ya haɗa katin ya yi aiki, ta yaga takardar nan kada ta sake ɗago zancen. In ya kasa, shi da kansa zai sa hannu. Ta ce ita ba caca ta zo yi da gidan ubanta ba. Ya ce ba caca ba ce, gwaji ne, kuma a masana'anta ba a sallamar mutum sai an ga aikinsa. A ƙarshe ta yarda don ta gaji, shi kuwa ya raka ta mota yana taku irin na da. Da motar ta sha kwana sai tsoro ya kama shi, don ya san da bakinsa ya ɗora gidan a kan teburi.

Ran Litinin ta kawo kwamfutar da kayan. Aikin kansa ba shi da wuyar ganewa. A tsakiyar katin akwai ƙwaƙwalwarsa, wani abu mai sheƙi kamar gilashi, girmansa bai fi kan sarki ba. Ita dole ta manne da jan ƙarfen kai tsaye, da ɗan mai toka-toka a tsakani. A kewayenta akwai baƙaƙen ƙwayoyi takwas na ajiya, su ba su kai ta tsawo ba, saboda haka akwai rata tsakaninsu da farantin, kuma ratar ce ake cikewa da shimfiɗa mai laushi mai jan zafi. In shimfiɗar ta yi siriri ba za ta taɓa ba, ƙwayoyin su gasu. In ta yi kauri sai ta ɗaga farantin, ƙwaƙwalwar ta zauna ba abin da ke taɓa ta. Frauke ta sayo iri uku, rabin milimita, da milimita ɗaya, da ɗaya da rabi. Ta ce masu wannan harka da yumɓun roba na wasan yara suke gano ratar, su ɗora ɗan dunƙule, su ɗaure farantin, su kwance, su auna yadda ya baje.

Ya ce, "Wannan ce sabuwar dabarar tasu? Mu da zaren dalma muke yi tun kakansu yana rarrafe."

Ran Talata da safe ya sauka. Abin da ya ba shi ƙarfin zuciya shi ne hannunsa bai manta komai ba. Ya kwance fankokin da lalube, ya jera kowane sukuru a murfin kwalba gwargwadon inda ya fito. Ya murza yumɓun ƙanana kamar ƙwayar wake, ya rufe su da siririyar leda don kada su manne, ya ɗora farantin, ya ɗaure a gicciye, kaɗan-kaɗan, har kowane sukuru ya zauna. Ya kwance, ya ɗago ɗan yumɓun da ya baje da bakin reza, ya ajiye shi a dakalin taga inda sanyi yake don ya ɗan yi tauri. Sannan ya ɗauko ma'auni. Kama abu mai laushi ba a matse shi ba, wannan ba kowa ya iya ba, shi kuwa babban yatsansa ya san daidai lokacin da ƙarfe ya taɓa bai danna ba. A nan ya tsaya, ya murɗa ɗan makullin da ke riƙe ma'aunin a inda yake, kamar yadda ya saba yi tun yana ɗan koyo.

Ya kai shi ƙarƙashin fitila don ya karanta, sai tabon ya zauna daram a kan layukan.

Ya ɗauko gilashin ƙara girma, layukan suka yi girma suka ƙara karkacewa. Ya kunna fitila ta biyu. Ya gwada dabarar da ya koya wa kansa ta kallon gefe, ya ƙura wa sandar injin ido don ma'aunin ya faɗo a gefen ganinsa, amma gefen ido ba ya rarrabe layin da ya fi gashi siranta. Tambaya ɗaya ce tak: alamar ta tsaya kafin layin milimita ɗaya, ko ta wuce shi? In ba ta kai ba, shimfiɗar milimita ɗaya ce, don ana so ta ɗan matsu. In ta wuce, sai ɗaya da rabi. Amsar tana riƙe a hannunsa, tsakaninta da hancinsa bai kai taƙi ɗaya ba, ya kusa awa guda yana juya ta. Idon ya yi ruwa, ya share, ya sake. Bai taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba, ko ranar da likitar ta faɗa masa, don ran nan magana ce kawai.

Da ƙarfe uku maƙwabcinsa Ottmar ya sauko, riƙe da kek ɗin tuffa da matarsa ta aiko. Ottmar tsohon direban bas ne, shekara talatin suna shan gahawar la'asar tare suna zagin juna, ba wanda ya taɓa fashi sai da dalilin jana'iza.

Ottmar ya ce, "Sarkin Awo, me kake yi wa ma'auni haka, sumbatarsa za ka yi?"

"Aiki nake. Ajiye kek ɗin nesa da kayan mutane."

"Kawo in karanta maka, tabarauna sabo ne. Ko in aro maka na mijin 'yata, irin mai batir ɗin nan da yake rubuta lamba ƙatuwa, ko jaki ya gani."

"Shi ya sa mijin 'yarka ya saya."

"Ni dai kawo."

"Kai da ka shekara talatin kana tuƙi ba ka taɓa tsayawa daidai da dakalin titi ba, kai za ka karanta min awo? Zuba gahawa."

Ottmar ya dube shi ɗan lokaci, ya zuba. Da Volkmar ya miƙa masa ma'aunin a nan, da shi ke nan, ko minti ɗaya ba za a yi ba. Amma gwajin nasa ne, kuma a ganinsa aikin da aka karanta maka awonsa ba naka ba ne. Ya mayar da ma'aunin cikin akwatinsa na katako a kulle yadda yake, ya rufe.

Washegari ya koma wa ƙa'idar da aka dasa masa tun yana ɗan shekara goma sha biyar. A aikin ƙarfe in kana shakka sai ka bar abu da ɗan kauri, don in ya yi yawa gobe ka rage, in ka zaftare kuwa ba mai mayar maka. Duk wani tsohon maƙeri a garin nan in ka tashe shi daga barci haka zai ce maka, kuma ƙa'idar ba ta taɓa ba Volkmar kunya ba. Sai dai a kan ƙarfe aka yi ta, ba wanda ya yi ta don roba mai laushi da gilashi a gefenta. Ya shafa shimfiɗun uku da yatsa, ya ɗauki mafi kauri, ya yanka ta gida takwas tsaf. Ran Alhamis ya haɗa tiyo da famfo, ya cika ruwa, ya bar shi yana zagayawa da farar takarda a ƙasa don a ga ko zai ɗiga. Da safe takardar a bushe take, har ya ɗan ji sanyi a ransa.

Ran Juma'a da la'asar shi da Ottmar suka kunna kwamfutar. Ya ce wa Ottmar tunda shi ya fi kusa da allon, ya riƙa faɗin lambar zafin, shi zai kula da famfo. Ottmar ya gyara tabaraunsa ya matso gaban allon.

"Arba'in da biyu. To, ta tashi, Sarkin Awo. Yanzu in danna abin da Frauke ta ce a danna?"

"Danna."

"Saba'in. Tamanin da biyar. Haka ake so ya riƙa gudu? Casa'in da takwas. Ɗari da..."

Allon ya yi baƙi. Famfon kaɗai ya rage yana ɗan gurnani, Volkmar ya taɓa tiyon ya ji shi da sanyi kamar ba a kunna komai ba. Ba sai an gaya masa ba, zafin bai isa ga ruwan ba, farantin a ɗage yake.

Abin da ya kamata ya sani sarai. A kwance, a duba shatin man a jikin jan ƙarfen, a ga inda ya taɓa da inda bai taɓa ba. Amma dubawa ce ba zai iya ba, sai dai ya ce Ottmar zo ka gani min. Ya zare katin, ya kifa shi a teburi, ya ajiye ƙaramin sukundireba ya ɗauko mai kaurin mariƙi.

Ottmar ya ce, "Volkmar, bar shi zuwa gobe mana."

In Ottmar ya kira shi da sunansa to maganar ba ta wasa ba ce, amma bai saurara ba. Roba ce ai, in aka matsa za ta kwanta. Ya ƙara wa sukurun farko rabin juyi, ya ƙara wa na biyu. Jikin katin ya fara lanƙwasa, yatsunsa sun ji, sun gaya masa ya tsaya, karon farko a rayuwarsa ya ƙi jin maganarsu. A na uku aka ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an taka ƙwayar sukari a kan siminti.

Suka mayar da katin suka kunna. Famfo ya tashi, allon bai nuna komai ba. Suka kashe suka sake har sau huɗu.

Ottmar ya zauna a kan akwatin kayan aiki, ya daɗe yana murza gwiwarsa. Can ya ce, "Farantin nan fa na hannu ne. Wa ya san abin da mai shi ya yi masa? Ka ce a karkace ya zo. Ni shaida ne, in ana so in rantse ma sai in rantse."

"Je ka gida, Ottmar."

"Ni wa zan riƙa zagi da ƙarfe uku in ka tafi? Ka yi min adalci mana."

Volkmar ya kashe famfon. Ottmar ya hau matakalar a hankali, ya bar farantin kek ɗinsa a nan.

Ran Asabar ya kwance komai shi kaɗai. Ya bi gefen ƙwaƙwalwar da farce, kusurwa uku sumul, ta huɗu ta ɓantare, ɗan abin da ya fita bai kai ƙwayar gishiri ba. Ya shafa jan ƙarfen, man a gefe ɗaya kawai ya taɓa. Maganar Ottmar ta yini tana yi masa yawo a ka. Ƙaryar mai sauƙi ce, kuma Frauke za ta karɓa, ko ba ta yarda ba za ta karɓa. Ya ɗora farantin a kan dutsen awonsa mai santsi ya danna kusurwoyinsa ɗaya bayan ɗaya, yana fatan ya ji ya motsa ko yaya. Farantin lafiyarsa ƙalau, ko gezau bai yi ba. Ya zauna a kujerarsa yana jin ƙamshin mai da ƙarfe, abin da ya shaƙa duk rayuwarsa, ya rasa abin da ke masa daɗi. Ko abincin rana bai hau ya ci ba.

Frauke ta zo ran Lahadi da hantsi, ta same shi a ƙasa. Ya jera mata komai a kan farin ƙyalle, katin, da farantin, da shimfiɗun takwas da suka baje har suka tsage a gefe. Ya gaya mata katin ya mutu, ya nuna mata kusurwar.

Ta ɗaga katin ta duba, ta ajiye. Ta ce, "Kati ne kawai, Baba, ana samun wani. Ina da ƙaramar kwamfutar ofis kafin nan." Idonta na kan injin, ba a kansa ba. "Wataƙila ma farantin ne. Na hannu ne, ban san tarihinsa ba. In haka ne ai gwajin bai yiwu ba, ba laifin kowa ba ne."

A nan ya gane ita ma ba son takardar take ba, tsoro ne ya sa ta kawo ta. Ga hanya ta buɗe masa da hannunta, abin da ya rage ya gyaɗa kai kawai. Wannan tausayin ya fi masa ciwo fiye da a ce ta yi masa faɗa.

Ya jawo akwatin katakon, ya buɗe, ya miƙa mata ma'aunin. "Kada ki taɓa makullin. Tun ran Talata yake haka. Karanta min."

Shi ya koya mata karanta shi tana 'yar firamare, a kan wannan teburin. Ta kai shi ƙarƙashin fitila, ba ta ko sunkuya ba.

"Sifili da ɗigo takwas."

"Bai kai ɗaya ba."

"Bai kai ba." Ta juya ma'aunin a hannunta. "Na kira shagon nan ran Alhamis, don kawai in ji. Sun ce masu irin katin nan milimita ɗaya suke sawa. Awonka daidai yake, Baba. Me ya sa ka sa mai kaurin?"

Ya ce, "Ban gani ba." Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, kuma da ya faɗa sai ya ji kalmar ba ta da wani nauyi, shi ne ya yi ta dakonta shekara biyu. "Hannun ya auna, ni ne ban gani ba. Ba tabarau ba ne, Frauke. Ko fuskarki rabona da in gan ta sosai tun bara."

Ta sa bayan hannu ta toshe bakinta. Ya ji numfashinta ya canza, bai iya ganin ko kuka take ba, bai kuma tambaya ba.

Ta ce, "Ba sai yau ba. Akwai sauran kwana tara."

"Takardar tana jakarki?"

"Baba."

"Ɗauko."

Ta ɗauko ta shimfiɗa a kan teburin, a gefen katin. Ya zaro biro daga aljihun rigar aikinsa, ya sunkuya. Farar takarda ce da baƙin rubutu a gefe-gefe, tsakiyarta kuwa tabon nan ne a zaune. Ya ɗan jima a haka, biron yana sama.

Ya miƙa mata hannunsa na hagu ya ce, "Ɗora min yatsana a kan layin."